Masu Bin Sawun Kalma

Ba'isa ko mutumin Burkusuma ya ce maka "zamna", Bakano ya murmusa yana ganin ƙauyanci ne. Da zai tambayi masanin asalin kalmomi, da murmushin ya koma ciki, domin "zamna" ce uwa, "zauna" 'yarta. Haka "amre" da "aure", "sabka" da "sauka", "abduga" da "auduga". Bakin Gobirawa ya riƙe abin da bakin Kano ya saki.

Ba da ka ake wannan magana ba. Wani Bajamushe, August Klingenheben, shi ya fito da ƙa'idar wajen 1928: baƙi irin su b da m da k da g, in suka faɗo a ƙarshen gaɓa, sukan narke su zama u. Abin da ya fi burge ni shi ne inda ya samo shaidunsa, wato cikin jam'i. Me ya sa ake cewa Buzu amma Bugaje? Me ya sa ɓauna ta haifi ɓakane, juji ya haifi jibaje? A jam'in, wasali ya shiga tsakani ya kare baƙin, shi ya sa bai narke ba. Ke nan da can "Bugzu" ake cewa, ko da yake babu takardar da ta ajiye mana shi. Talaka da talauci ma hanyarsu ɗaya. Sai dai narkewar k da g ta game ƙasar Hausa duka, har Sabon Birni da Tsibiri, ta b da m kuwa a gabas ta tsaya.

A kan harsunan Turai da Indiya wannan sana'a ta fara kafuwa, tun da William Jones ya faɗa a Kalkata a 1786 cewa Sanskirit da Girkanci da Latin tushensu ɗaya. Kalmomin girma da ƙanƙanta sun taimaka musu ƙwarai, don ba kasafai ake aron su ba. Ɗauki Rashanci, babban cikin harsunan Silaf. "Bolshoi" na nufin babba, kuma masana sun haɗa shi da "bala" ta Sanskirit, wato ƙarfi, da "debilis" ta Latin, marar ƙarfi. Ashe a idon kakanninsu, mai ƙarfi shi ne babba. Daga saiwar nan sunan 'yan Bolshebik ya fito bayan rabuwar jam'iyyarsu a 1903, masu rinjaye ke nan. Abokan hamayyarsu 'yan Menshebik kuwa sunansu ɗan'uwan "minor" ne na Latin, wato ƙarami.

To ga tarkon. Rashawa suna kiran abu mai tsawo "dolgiy", mu muna cewa dogo. Mai gaggawa zai buga ƙirji ya ce Bahaushe da Barashe 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma irin wannan ɗoki ya cika hirarrakin asalin Hausawa. Gwani ba ya rawar kai. Zai ce kama da wane ba ta wane, a kawo masa wasu kalmomi da yawa da suka bi wannan sauyi daidai. "Dolgiy" tana da su: "dirgha" a Sanskirit, inda r ta saba maye gurbin l, da "dolikhos" a Girkanci. Dogo kuwa danginsa sai a nema a Bolanci da Ngizim da Karekare da Angas, harsunan Chadi waɗanda Paul Newman da Roxana Ma suka jera kalmominsu a 1966 suka soma sake gina kakansu.

A gida ma kalmomin girma suna da ɗaure kai. Babba jam'insa manya, ba su haɗa ko da saiwa ba. Ƙarami kuma aron jam'i ya yi wurin ƙanƙane ya samu ƙanana. Mai son warware irin waɗannan yakan buɗe ƙamusun Bargery na 1934, wanda ya yi alamar kalmomin Sakkwato da Katsina da Gobir, sannan ya ɗauki littafinsa ya tafi ya zauna, ko in ce ya zamna, gaban tsofaffin Isa da Sabon Birni yana sauraron yadda suke furta jam'i.