Kada a cire wa Othello baƙuntarsa

Shakespeare ba baƙo ba ne a Hausa. Tun 1971 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Daren Sha Biyu, Ɗahiru Idris kuma ya kawo Matsolon Attajiri. Amma wasan da ya fi dacewa da halin da muke ciki a bakin iyakar nan, daga Gangara zuwa Magamar Jibiya har Maraɗi, shi ne Othello, wanda aka nuna a fadar sarkin Ingila a 1604. Ina son in ga an hau dandamali da shi da Hausa. Fargabata ita ce kada a yi masa abin da finafinanmu suka saba yi wa labarin aro, a tsame soyayya da kishi a zubar da sauran. Kishi yana da kasuwa a Kannywood, galibi na uwargida da amarya. Na Othello kishin namiji ne da ya kai ga kisa, kuma wariyar da aka nuna masa ce ta ba shi wurin zama.

Othello baƙar fata ne, kwamandan yaƙin da birnin Benis ke tinƙaho da shi. Brabantiyo, dattijo a majalisar birnin, yakan gayyace shi gida ya sha labarin yaƙe-yaƙensa. Ranar da ya ji 'yarsa Desdemona ta aure shi a ɓoye, sai ya kai ƙara wai asiri aka yi mata, don a ganinsa 'yar mutunci ba za ta so irin wannan mutum da hankalinta ba. Majalisa ta kori ƙarar, a daren kuma ta tura Othello tsibirin Kubrus ya tare Turkawa. Wannan baƙuntar ce Iyago, sojan Othello wanda aka tsallake aka ba Kasiyo muƙami, ya riƙa sosawa. Yana nuna wa Othello cewa shi ɗan gari ne, ya san halin matan garinsu, kuma wadda ta bar samarin danginta ta auri bare wata rana za ta waiwayi nata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutumin da aka daɗe ana nuna masa bai isa ba, shi ne zai yi saurin yarda matarsa ma ta raina shi. A cire wannan, abin da zai rage sakaran miji ne da ya kashe matarsa a kan hankici.

Waɗanda suka yi wasan ya ratsa jama'arsu ba su gudu daga wannan ba. A 1987, ana tsakiyar mulkin wariyar launin fata, Janet Suzman ta shirya shi a Johannesburg, John Kani ya fito a Othello, ya sumbaci farar fata a gaban mutanen da aka raina a kan cewa hakan laifi ne. Masu kallon finafinan Indiya kuwa sun san Omkara na 2006, inda Vishal Bhardwaj ya mai da launin fata ya koma batun asali: uwar Omkara daga ƙasƙantaccen dangi take. Hankicin ma ya zama ɗamarar ado ta gado.

Mu ma ciwonmu na asali ne. Kowa ya san binciken da ake yi kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, ana tono kakan kaka, ko mahauci ne, ko wanzami, ko an taɓa bauta a gidan. Buzu za a damƙa masa ƙofar gida da dukiyar da ke ciki a yi barci, amma ya nemi 'yar gidan a ji abin da za a ce. A Jibiya ta yau kuwa, bayan shekarun satar shanu da garkuwa da mutane, ba wanda zato ya fi hawa kansa kamar Bafulatanin daji, ko da shi ma an kore masa garke. Don haka Othellon da nake son gani hafsan tsaro ne Bafulatani, wanda ya san daji, gari ke barci saboda shi, alhajin gari ke zaunar da shi a zaure yana kiransa ɗana, har ranar da maganar aure ta taso.

Za a ce wannan hura wuta ne, kuma masu faɗa ba su rasa hujja ba. Othello dai shi ya yi kisan, kuma mai shiri marar lura zai sallami 'yan kallo suna cewa ai dama halinsu ne. Amsar tana cikin wasan kansa. Tun fitowar farko mai kallo ya san Iyago maƙaryaci ne. Yana gani hankicin ya faɗi, Emiliya matar Iyago ta tsince shi, mijin ya karɓe ya ce zai jefa shi a ɗakin Kasiyo. Sannan a ƙarshe, da Emiliya ta tsaya ta fasa ƙwai, Iyago, ɗan gari mai asali, shi ma matarsa ya kashe a gaban mutane. Mata biyu aka kashe, kuma ɗaya ce kawai ta mutu a hannun bare. Mai shirin da ya gajarta fitowar Emiliya don ya rage lokaci ya zubar da abin da ke hana wasan zama ƙazafi ga wata ƙabila.

Wasu kuma za su ce kisa da kashe kan da Othello ya yi ba su dace da tarbiyyarmu ba. Ba lallai a nuna shaƙe Desdemona ba, labule ya isa. Amma da wuya a sami wasan da ya fi wannan nuna hikimar shari'a. Suratun Nur ta shardanta shaidu huɗu, ta yanke bulala 80 ga mai ƙazafi, ta buɗe ƙofar li'ani ga mijin da ke zargi ba shaida. Suratul Hujurat ta yi umarnin a binciki labarin fasiƙi. Othello ya tsallake duk waɗannan, ya karɓi ƙyalle da maganar mutum ɗaya. Yau hoton hira a WhatsApp ke yin aikin hankicin nan a gidaje da yawa.

Aiki mafi wuya yana kan ɗan wasan da zai ɗauki Othello. 'Yan barkwancinmu sun saba wa jama'a cewa da an ji Hausar Bafulatani a dandamali sai dariya. Dole ya riƙe karin harshensa yadda yake, ya yi magana da kwarjinin shugaban mayaƙa, har dariyar farko ta mutu kafin Iyago ya fara raɗa masa magana a kunne.