Shirun Dogari: Sharhi Kan Yadda libvirt Ke Ba da Rahoton Kashe Direban Tsaro

Manufar wannan maƙala ita ce auna yadda manhajar libvirt, wadda aka soma a kamfanin Red Hat a 2005, take sanar da mai kula da na'ura cewa direban tsaro ba ya aiki. Aikin libvirt shi ne sarrafa kwamfutocin kwaikwayo, watau baƙi da dama da ke zaune cikin kwamfuta guda, mai masaukinsu. Direban tsaro kuwa shi ne dogarin da ke hana baƙo shiga ɗakin ɗan'uwansa. A 2009 aka shigar da irin waɗannan direbobi guda biyu, na SELinux da na AppArmor.

Lalle manhajar ta cancanci yabo a wuri ɗaya. Idan mai kula ya ambaci sunan direba a fayil ɗin qemu.conf, tana bambanta hali biyu: ko dai ba ta san direban ba sam, ko kuwa ta san shi amma an kashe shi a kan mai masaukin. Wannan bambanci yana da amfani, domin maganin na farko gyara suna ko sake girka manhaja, maganin na biyu kuwa kunna abin da aka kashe.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da ba a ambaci suna ba. A nan manhajar takan gwada direbobin ɗaya bayan ɗaya. In duk a kashe suke, sai ta koma kan wanda ba ya tsare kome, baƙi su tashi lami lafiya. Akwai zaɓin da ke hana tashin baƙon da ba a killace ba, amma a kashe yake zuwa.

Illar wannan ba ƙarama ba ce. A 2015 aka gano ɓarakar VENOM a sashen faifan fulofi na QEMU, wadda kan iya bai wa baƙo damar kutsawa cikin mai masauki. Killacewar SELinux tana rage ɓarnar irin wannan kutse, amma ga wanda nasa ke kunne kurum.

Saboda haka, a ganinmu, rashin dogari labari ne da ya wajaba a faɗa a fili duk sa'ad da baƙo zai tashi. Mai kula yana da ikon zaɓar zama ba tsaro, sai dai ya kamata ya san cewa ya zaɓa.