Masu Awon Nisan Taurari da Masu Yi Musu Gori

Masu raina ilimin sararin samaniya a Abuja suna da gori guda da ba sa gajiya da shi: wai masanan kansu sun kasa yin ittifaƙi kan saurin faɗaɗar sararin. Masu aiki da kumbon Planck sun ce kilomita 67 a daƙiƙa kan kowane megafasek na nisa, ayarin Adam Riess ya ce 73. To sai me? A 1929 Edwin Hubble kusan 500 ya ce. Duk wanda ya ga yadda tazarar ta tsuke ba zai kira aikin nan shaci-faɗi ba.

Auna saurin nan sai an san nisa, kuma dabarar awon nisan da ta fi kwanta mini ita ce ta Henrietta Leavitt, ta 1912. Akwai taurarin da ake kira Sefid, haskensu na ƙaruwa yana raguwa bisa ƙa'ida. Leavitt ta lura cewa wanda ya fi jinkirin kammala zagayensa shi ya fi ƙarfin haske. Ƙirga kwanakin zagayen, ka san ƙarfinsa na asali. Gwada shi da ɗan hasken da ya iso maka, nisa ya fito.

A baki abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen ƙura. Wanda ya taɓa tuƙi a hanyar Lugbe cikin hazon Janairu ya san fitilar da ke kusa kan dusashe har ka zaci tana can nesa. Haka ƙurar da ke tsakanin taurari take yi, ta kuma rina hasken ya koma ja-ja, shi ya sa ake auna tauraro guda ta launi daban-daban don a cire rabon ƙurar. Ga kuma cunkoso: a gungun taurari mai nisa hasken maƙwabta kan gauraye da na Sefid ɗin, ya yi kamar ya fi kusa. Kuskure a wannan mataki yana bin duk lissafin da aka ɗora a kansa. A 1952 Walter Baade ya nuna cewa Sefid iri biyu ne aka haɗa wuri guda, nan take nisan da aka sani ya ninka. Gungun taurarin Andromeda da Hubble ya ajiye a shekarun haske 900,000, yau yana kan miliyan 2.5.

Wannan tankaɗe da rairaya shi ne zuciyar fannin, kuma shi muka fi yin watsi da shi. Hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, da aka kafa a 1999, ta harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 a 2003 don duban ƙasa, kuma hakan daidai ne. Amma gyaran ma'auni ba ya jiran sai mun mallaki katafaren madubin hangen nesa. Bayanan kumbon Gaia da na binciken Sloan suna intanet kyauta. Ɗalibin fiziks a Gwagwalada wuta yake buƙata, da data, da malamin da zai yarda cewa wata shida ana tace jadawalin taurari bincike ne da ya cancanci digiri.