Sharhin Fim: Good Night Oppy, Baƙuwar Da Ta Je Neman Ruwa

Darakta: Ryan White
Kamfani: Amazon Studios da Amblin
Mai ba da labari: Angela Bassett
Shekara: 2022

Ba sai an faɗa wa mutumin Daura ƙarfin labarin ruwa ba. Tarihin garin kansa a bakin rijiya ya tsaya: baƙo ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu sai ranar Juma'a saboda macijiyar Kusugu. Haka kuma littafin da kusan kowane ɗan firamare ya sani, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, tafiyar neman ruwa ce. To fim ɗin da muka ɗora a faifai wannan watan shi ma labarin baƙuwa ce da ta je neman ruwa, sai dai ita ƙarfe ce, garin da ta sauka kuma duniyar Mas ne.

Fim ne na gaskiya, ba ƙagagge ba. A 2003 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba tagwayen motocin bincike, Spirit da Opportunity, wadda ake yi wa laƙabi da Oppy. Kowace tana da taya 6, da hannu guda, da kyamarori a kan dogon wuya, kuma da hasken rana take aiki. Sun sauka a Janairun 2004, an ɗebar masu kwana 90 kacal. Spirit ta kafe a rairayi a 2009, aka daina jin ɗuriyarta a Maris 2010. Ita kuwa Oppy sai da ta kai Yunin 2018, lokacin da wata ƙura ta rufe duniyar baki ɗaya ta tare mata rana. A Fabrairun 2019 NASA ta haƙura. Duk tsawon shekarun nan kilomita 45 da 'yan kai ta yi, wato ko nisan Daura zuwa Katsina ba ta kai ba.

A nan ne gwanintar daraktan take. Yaya za a yi ka riƙe ɗan kallo fiye da awa ɗaya da rabi da jarumar da ba ta magana, ba ta rawa, tafiyarta ma ta hawainiya? Dabararsa ita ce ya juya kyamara kan masu tuƙin. Injiniyoyin suna Kalifoniya, saƙo kuma kan ɗauki mintoci kafin ya isa, don haka sai su aika umarnin yini guda su zauna jiran sakamako. Ranar Mas ta fi tamu da kusan minti 40, har ta kai a farkon aikin barcinsu da cin abincinsu sun koma bin agogon wata duniyar. Muna ganin Steve Squyres, jagoran masu binciken, da gashinsa baƙi, muna kuma ganinsa da furfura. Abigail Fraeman tana 'yar sakandare daren da Oppy ta sauka, sai ga ta ta girma ta zama mataimakiyar shugaban masana kimiyyar aikin. Ga kuma ɗan Afirka, injiniya Ashitey Trebi-Ollennu mutumin Gana. Wannan fa ba kwalliyar furfurar hoda ba ce irin tamu. Shekaru ne suka yi aikinsu a gaban kyamara.

Fitowar da ta fi tsayawa a rai ita ce ta 2005, da Oppy ta nutse a tudun rairayi. Duk direban da ya taɓa kafewa a hanyoyin ƙauyukan Baure ko Zango zai ji abin a jikinsa, illa dai a can babu samarin da za su zo turi. Sai da aka zuba ƙasa a ɗakin gwaji aka kafar da wata motar irinta, ana gwada fita, aka shafe sama da wata guda kafin ta kuɓuta. Haka batun ƙura. Mai sola a Mai'aduwa ya san yadda hunturu ke kashe masa wuta in bai goge farantin ba. Oppy ba ta da mai goge mata, sai in iska ta ga dama ta share.

Sai dai kash, duk da wannan yabo, fim ɗin yana da nasa rauni, kuma ba ƙarami ba. Na farko, an cika mayar da na'ura mutum. Ana kiranta kamar 'ya, lalacewar hannunta ta zama amosanin gaɓɓai, matsalar ma'ajiyar kwamfutarta ta zama ruɗewar tsufa. Kaɗan daga wannan gishiri ne, amma daraktan ya zuba har miya ta yi ɗaci. Ga kiɗa da waƙoƙin Turawa da ake sakawa wai na tayar da ita daga barci, an yi ta jero su kamar ana tsoron ɗan kallo zai tashi. Mu da ake yi wa gorin waƙa a finafinan Hausa, ashe ciwon ba namu kaɗai ba ne.

Na biyu, ruwan da aka je nema ya zama ɗan rakiya. Oppy ta gano 'yan ƙananan duwatsu masu kamar ƙwallo waɗanda ruwa ne ke samar da irinsu, shaidar cewa wurin ya taɓa jiƙa, kodayake ruwan mai tsami ne. Bayan ta isa ramin Endeavour a 2011 ta ci karo da alamun yumɓu, wanda ke nuna ruwan da halitta za ta iya rayuwa a ciki. Wannan shi ne kan macijiyar, shi ne abin da aka kashe dukiya dominsa, amma an wuce shi da sauri a koma hawaye.

Na uku, mafi yawan kyawawan hotunan motar tana ratsa jan hamada kamfanin Industrial Light & Magic ne ya zana su da kwamfuta. Babu mai ɗaukar hoto a Mas. Aikin ya yi kyau matuƙa, amma a fim ɗin gaskiya ya kamata ɗan kallo ya riƙa sanin ina gaskiya ta tsaya, ina zane ya soma.

Darasin da ke nan ga 'yan fim ɗinmu ba na kuɗi ba ne. Tun 1969 Umaru Dembo ya kai mai karatun Hausa sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya, saboda haka ba tunanin muka rasa ba. Abin da ya ɗaga wannan fim shi ne ajiya: an ɗauki ma'aikatan nan tun ranar farko, an adana kaset, shekaru kusan 20 daga baya ya yi rana. Wa ke ɗaukar Sallar Gani a Daura shekara bayan shekara yana adanawa? Wa ke zama da dattawan da suka san tarihin Kusugu kafin ƙasa ta rufe masu ido? Kyamarar da ke ɗaukar soyayya a lambu za ta iya wannan.

A nemi fim ɗin a kalla, musamman tare da yara 'yan makaranta. Amma in an gama share hawaye, a tambaye su me Oppy ta gano. In sun kasa amsawa, laifin darakta ne, ba nasu ba.