Suna a kan kati, gawa a bayan ƙyaure: sharhi a kan fim ɗin «Une femme fantastique»

Ranar 4 ga watan Maris na 2018, wani fim na ƙasar Shili ya ci kyautar Oska ta finafinan harsunan waje, abin da ƙasar ba ta taɓa samu ba a wannan rukuni. Wata shida bayan haka, majalisar dokokinta ta amince da dokar da ta ba masu sauya jinsi damar canza suna da jinsi a takardunsu. Tun daga nan ake ta maimaita cewa fim ne ya haifi doka. Na sake kallon wannan aiki na Sebastián Lelio, wanda ya fito a 2017, kuma ina ganin maganar tana da gyara.

Labarin gajere ne. Marina, wadda aka raɗa wa sunan namiji amma take rayuwa a matsayin mace, tana aikin kai abinci a wani gidan cin abinci na Santiyago, da dare kuma tana waƙa. Masoyinta Orlando, magidanci ne da ya girme ta nesa, ya rabu da matarsa. Wani dare ciwo ya tashe shi, ya gangaro daga matakalar bene, ta kai shi asibiti, rai ya yi halinsa. Sauran fim ɗin duka faɗi-tashin Marina ne na neman a bar ta ta yi ban kwana da gawar.

Na san da yawa daga cikin masu karatu, bisa addini da al'ada, ba za su yarda da irin rayuwar Marina ba. Fim ɗin bai nemi fatawar kowa ba. Tambayarsa ita ce: mutumin da ya kawo maras lafiya asibiti, me ma'aikata suke binsa, me yake binsu? A nan ƙarfin Lelio yake. Likita ya ga raunukan faɗuwa a jikin mamacin, ya dubi Marina, zargi ya shiga. Ɗan sanda ya karɓi katin shaidarta, ya ga sunan da ke kai, ya kira ta da shi. Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya karya doka; kowa aikinsa yake, amma cikin mintoci kaɗan mai makoki ta koma abar tuhuma. Daga baya wata jami'ar bincike, wadda take magana da taushi kamar mai son taimako, ta tilasta mata zuwa a tuɓe ta a ɗauki hoton jikinta. Kyamarar ba ta nuna mana abin da likitan yake kallo ba, fuskar Daniela Vega ta tsaya a kai. Wannan kawaici na mai ɗaukar hoto shi ne mafi kyawun hukunci da fim ɗin ya yanke. Ba ƙirƙira ba ce kuma: kafin 2018, mai son canza suna a Shili sai ya bi ta kotu, alƙalai da dama kuwa sukan tura shi a duba jikinsa.

Da nake kallo, malamin harshe da ke cikina ya ƙi yin shiru. Faransanci da Sifaniyanci suna iya yi wa mutum magana kai tsaye ba tare da lamirin ya tona jinsinsa ba. Hausa ba ta ba da wannan mafaka: ko dai «ka zo» ko «kin zo». Da za a juya fim ɗin da Hausa, likita da ɗan sanda da ɗan mamacin duk za su bayyana matsayinsu tun daga gaisuwa, kuma rabin noƙe-noƙen da Lelio ya gina wasansa a kai zai rushe.

Inda fim ɗin ya gaza shi ne wajen iyalin Orlando. Ƙiyayyarsu saiwa biyu gare ta: Marina mai sauya jinsi ce, kuma ita ce wadda uban gida ya koma wa bayan ya bar matarsa. Ta biyun ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa zaman makoki a gidan da ake rikicin gado. Lelio ya cakuɗa su, ya mai da ɗan, Bruno, ɗan iska tsantsa, ya sa tsohuwar matar ta kwatanta Marina da wani dodon tatsuniyar Girkawa mai haɗe-haɗen jiki. Ɗan'uwan mamacin, Gabo, shi kaɗai aka bar wa ɗan mutunci, shi ma ba ya da katabus. Idan abokan hamayya duka azzalumai ne, mai kallo ba ya shan wahalar zaɓe, sai ya fita sinima yana jin shi mutumin kirki ne. Marina kanta an yi ta mai haƙuri fiye da kima. Wurin da take tafiya tana kokawa da iska mai neman kayar da ita yana da kyan gani, amma fassara ce ta abin da muka riga muka gane.

Sai batun doka. An shigar da ƙudurin majalisa tun 2013, da ƙoƙarin ƙungiyoyi irin su OTD da Iguales, ya yi shekara biyar ana jan ƙafa. A watan Janairu na 2018, Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasashen nahiyar Amurka ta fitar da ra'ayin da Kosta Rika ta nema, cewa ya kamata canjin suna ya zama mai sauƙi, ba tare da sharaɗin tiyata ba. Oska ta zo ta tarar da tukunya tana tafasa. Abin da ta ƙara shi ne kunya: ƴar wasan da duniya take tafa wa tana tafiya da fasfo mai sunan namiji. Majalisar wakilai ta amince da ƙuri'a 95 a kan 46 a watan Satumba, shugaba Sebastián Piñera, ɗan ɓangaren masu ra'ayin riƙau, ya sa hannu a Nuwamba, dokar ta fara aiki a Disamba na 2019. Baligi yana zuwa ofishin rajista kawai. Mai shekara 14 zuwa 18 sai ta kotun iyali. Na ƙasa da haka an bar su waje.

Kiwon lafiya kuwa, fim da doka duk sun bi ta gefensa. Maƙwabciyarsu Ajantina tun 2012 ta sa maganin sauya jinsi da tiyata cikin abin da asusun lafiya zai biya. Dokar Shili ta fi mai da hankali ga takarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ma sai a 2019 ta amince da cire wannan hali daga jerin cututtukan taɓin hankali. A fim ɗin, Marina ta shiga hannun likitoci sau biyu, kuma ba ko sau ɗaya da wani ya tambaye ta inda ke yi mata ciwo.