Karatu da Hidima a Zangon Lome

Tun zamanin Jamusawa, waɗanda suka mayar da Lome hedikwatar mulkinsu a 1897, fatake Hausawa ke da zango a garin. Inda duk suka yada zango kuwa sai ka tarar da masallaci da makarantar allo, a nan ma haka aka yi. A Kete-Krachi, wadda a da take ƙarƙashin Togon Jamus a lokacin, Alhaji Umaru mutumin Kano ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934. Irin karatun da malamai irinsa suka kawo kudu ba ya rabuwa da hidima.

Almajiri a zango kan tashi da asuba ya ɗebo ruwan alwala, ya share masallaci, ya shimfiɗa tabarmi, sannan ya ɗauki allo. Idan an yi rasuwa, shi ake aika ya sanar da gidaje. Idan baƙo ya sauka, shi zai ɗauki kayansa, ya kai masa ruwan wanka da tuwon dare, washegari ya raka shi kara ko wajen masu goro. Babu mai biyan sa, abin da iyaye ke cewa shi ne, "Je ka nemi albarka." Kafin ya sauke Alƙur'ani ya san kowane gida da mai shi, ya iya gaisuwa, ya tsinci yaren Mina a kasuwa.

Masani Michel Agier, ɗan Faransa, ya wallafa littafi a 1983 kan 'yan kasuwar zangon Lome, inda ya nuna yadda cinikin shanu ya rataya kan dangantakar maigida da yaransa. Maigida ne ke ba baƙo masauki, ya tsaya masa a ciniki, ya lamunce bashi. Yaro kuma ya yi ta hidima da fatan wata rana a yi masa aure, a ba shi jari. Tarbiyyar makarantar allo ce ke shirya yaro shiga wannan tsari.

Turawa ma suna da irin nasu. A 1889 Jane Addams ta buɗe gidan Hull House a unguwar baƙin haure ta birnin Shikago, masu ilimi suna zuwa su zauna cikin talakawa suna koyarwa. Yau jami'o'in Amurka da dama suna tura ɗalibai aikin taimako a irin waɗannan unguwanni, a lissafa musu cikin maki. Sai dai a can ɗalibin baƙo ne, zai yi 'yan watanni ya tafi, shi ya sa ake yawan sukar tsarin da cewa ɗalibi ya fi unguwa amfana. A zango mai hidimar ɗan gida ne, gobe ma yana nan. Ta wannan fuska zango ya yi gaba.

Inda al'adar zango ta gaza shi ne wajen neman haƙƙi. Hidimar zango sama take hawa, daga yaro zuwa malam da maigida, kuma an gina ta kan ladabi da haƙuri. Tana ciyar da baƙo, amma ba ta koya wa yaro yadda zai tsaya gaban hukuma. A 1977 gwamnatin shugaban Togo Eyadema ta rushe tsohon zango da ke tsakiyar gari, aka kwashe jama'a zuwa wajen Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa da birni. Zumunci ya taimaka aka sake gina gidaje da masallatai, amma bai hana rushewar ba, domin maganar fili magana ce ta takardu, da Faransanci kuma ake yin ta. Ko a cikin gida akwai abin dubawa: yaron da ya shekara goma yana bin maigida ba shi da inda zai kai kuka in alkawari ya tashi.

Yanzu zango yana da 'ya'yan da suka haɗa allo da boko, wasu har Jami'ar Lome, wadda aka kafa a 1970. Aikin da ke jiran su a bayyane yake. Akwai dattijuwar da ba ta jin Faransanci, tana buƙatar mai yi mata tafinta a asibiti. Akwai yaron da aka haifa a gida ba a yi masa takardar haihuwa ba, sai lokacin jarrabawar CEPD ta gama firamare matsalar ta taso, a koma bin kotu. Akwai magidancin da ya sayi fili da shaidar baki kawai. Ɗalibin da ya zauna a zauren Sarkin Zango ranar Asabar yana cike wa mutane takardu, zai fahimci dokar ƙasarsa fiye da wanda ya tsaya ga littafi.

Kada a ce sai ƙungiyoyin waje sun kawo tsari. Limamai da iyayen unguwa su fito su faɗa cewa raka maƙwabci ofishin magajin gari hidima ce mai lada, daidai da sharar masallaci. Malaman jami'a kuma su amince su lissafa ta cikin karatu. In an yi haka, zango zai samu matasan da suka iya durƙusa wa manya, suka kuma iya karanta takardar da aka ce manyan su sa wa hannu.