Gudummawar Laburare da Matsayin Littafin Hausa

Tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da En'e-En'e suka buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwan Arewa don jama'a su riƙa samun labarin yaƙi, ba a taɓa yin zancen laburare ba tare da an haɗa da abu biyu ba, watau kuɗin gudummawa da koyar da ma'aikata. An yi rubutu da yawa a kan waɗannan, galibi da Turanci, galibi kuma na yabo. Nufina a wannan takarda in auna amfanin da aka samu da wani ma'auni dabam, wanda ya fi kusa da aikinmu na malaman Hausa. Tambayar ita ce: mutumin da ya iya karatun Hausa kaɗai, ko da boko ko da ajami, me ya same shi daga cikin wannan alheri?

Bari mu fara da tarihin, a taƙaice. A shekarar 1952 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa babban laburare a Kaduna, wanda yakan aika da akwatunan littattafai zuwa ɗakunan karatu na En'e da makarantu. A 1953 hukumar UNESCO ta kira taro a Ibadan a kan yadda za a raya laburaren jama'a a Afirka, kuma daga wannan taro ne ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Afirka ta Yamma ta samo asali. A 1957 Gidauniyar Carnegie ta Amurka ta aiko da Harold Lancour ya zagaya ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila a wannan yanki. Rahotonsa ne ya sa gidauniyar ta ba da kuɗin kafa makarantar koyon aikin laburare a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1960. Sa'an nan F. A. Sharr, shugaban laburaren Jihar Ostareliya ta Yamma, ya zo ya duba bukatun Arewa, aka buga rahotonsa a Kaduna a 1963. Cikin shawarwarinsa har da kafa irin wannan makaranta a Zariya, aka kuwa buɗe sashen a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968.

Ba mai musun cewa an ci riba. Kafin wannan, wanda ake ɗorawa a kan ɗakin karatu na En'e sau da yawa ba a koya masa kome ba, sai buɗe ƙofa da share ƙura da tsare jaridu kada a tafi da su. Bayan shekara ashirin sai ga 'yan ƙasa masu digiri a wannan fanni, suna riƙe da manyan laburare. Wanda ya raina wannan bai yi adalci ba.

Amma a lura da muhawarar da ta tashi tsakanin Ibadan da Zariya a wancan lokaci. Ibadan ta tsaya a kan cewa sai wanda ya riga ya sami digiri za a koya wa aikin, don a fitar da shugabanni. Zariya ta ce ƙasar na bukatar masu aiki da yawa, saboda haka ta buɗe kwas na digirin farko da na difloma. An daɗe ana ja-in-ja a kan wannan. A ganina duka ɓangarorin biyu gardamarsu a kan matsayin ma'aikaci take, ba a kan mai karatu ba. Littafin da ake koya wa ɗalibi ya zaɓa, ya saya, ya jera, ya ba da aro, littafin Turanci ne mai sunan mawallafi da kamfani da shekara a shafin farko, wanda ake odarsa daga Landan. Littafin Hausa kuwa ba haka yake zuwa ba, kuma a nan ne nake so in ɗan daɗe.

Ɗauki sunan marubuci. Ƙa'idar jera katin littattafai da aka gada daga Turawa ta ce a sa sunan zuriya a gaba. To, Bahaushe ina ya ga sunan zuriya? Mai littafin Ganɗoki ana kiransa Bello Kagara, Kagara kuwa gari ne. Mai Shaihu Umar, Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ma sunan gari yake ɗauke da shi, garin kuma kalma biyu ne, sai ka tarar wani ya jera shi a harafin T, wani a harafin B. Mai waƙoƙin Imfiraji ya fi kowa wahala: wani ya rubuta Namangi, wani ya raba ya ce Na Mangi, wani ya bar shi a Aliyu. Wanda ya san nahawun Hausa ya san "na" ɗin nan harafin mallaka ne, ba farkon suna ba, amma ba a koyar da nahawun Hausa a kwas ɗin jera littattafai. Sakamakon shi ne marubuci ɗaya ya warwatsu wuri uku, mai nema ya duba ɗaya bai gani ba, ya juya ya tafi yana tsammanin babu.

Haka nan haruffa masu ƙugiya. Tafiretan da aka buga katunan da ita ba ta da ɓ da ɗ da ƙ, don haka aka mai da su b da d da k. Da kwamfuta ta zo, aka kwashe katunan nan aka zuba ciki yadda suke, kuskuren ya bi su. Ga mai jin Turanci wannan ƙaramin abu ne. Ga mu kuwa bambancin da ke tsakanin kafa da ƙafa ne, ko bari da ɓari. Ajami kuma nasa ya fi muni, gama ma'aikacin da ya ga baƙaƙen Larabci yakan ɗauka Larabci ne, ya kai littafin kantar addini, ko da waƙar siyasa ce ko ta noma. Na taɓa shiga laburaren wata jiha ina neman waƙoƙin ajami don ɗalibaina, ma'aikacin ya rantse mini ba su da ko ɗaya. Na same su ɗaure da igiya a ƙarƙashin kantar fiƙihu. Mutumin kirki ne, yana da takardar shaidar kwas har biyu a bango, laifin ba nasa ba ne.

Wani zai ce ai littattafan Hausa ne ba su da yawa a lokacin. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Tun gasar 1933 aka sami Ruwan Bagaja da 'yan'uwansa, Magana Jari Ce ta biyo baya, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. Hukumar NORLA ta Zariya ta buga ƙananan littattafai masu yawa don waɗanda suka fito daga ajin Yaƙi da Jahilci, kafin a rufe ta a 1959. Abin lura shi ne, an rufe gidan da ke buga wa sabon mai karatu littafi a shekarun da ake neman kuɗin horar da wanda zai ba shi aron littafin. Sai a 1966 aka kafa kamfanin NNPC ya ɗauki wannan nauyi.

Hujjar ƙarancin littattafai ta faɗi gaba ɗaya daga wajen 1985, lokacin da matasa maza da mata a Kano da sauran garuruwa suka shiga buga labaransu da kuɗin aljihunsu. Littattafan Balaraba Ramat Yakubu da na Ado Ahmad Gidan Dabino sun shiga gidajen da littafin laburare bai taɓa shiga ba. Masu shaguna a unguwanni suka riƙa ba da hayar littafi kwana ɗaya ko biyu a kan kuɗi kaɗan, matan aure na aiken yara su karɓo. Wannan fa shi ne aikin laburaren jama'a, ba ragi, kuma ba wanda ya ba su gudummawa ko ya kai su kwas. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kofe uku, amma marubucin da ya kai rubutunsa maɗaba'ar bakin kasuwa bai san da dokar ba, ma'aikacin kuma ba a koya masa shiga kasuwa sayen littafi ba. Yau mai binciken wannan adabi yakan fi samun biyan bukata a hannun waɗansu malamai da suka tara da kansu, ko a jami'o'in ƙasashen waje.

Game da kuɗin kansa, abu ɗaya zan faɗa. Andrew Carnegie, wanda gidauniyar ke ɗauke da sunansa, ya gina laburare fiye da 2,500 tsakanin 1883 da 1929, galibi a Amurka da Birtaniya. Amma yana da sharaɗi: garin da ya karɓi ginin sai ya yi alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin kowace shekara, daga harajinsa, don littattafai da albashi. Mai gudummawa ya san kuɗinsa na farawa ne, ba na riƙo ba. Mu a nan riƙon ne ya gagara. Da aka raba Arewa jiha shida a 1967, aka raba littattafan Kaduna da ma'aikatanta, kowace jiha ta sami ɗan guntu, daga baya jihohin suka ƙara rabuwa. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ba da kuɗin laburare da na ƙaro ilmi, amma ga manyan makarantun gwamnati kaɗai. Saboda haka ma'aikacin laburaren jiha da ya yi ƙoƙari ya ƙaro ilmi, hanyar ci gabansa ita ce ya koma jami'a ko kwaleji. Watau horon da aka yi don laburaren jama'a shi ne ke kwashe masa mutanensa.

Har yanzu akwai ƙofofi. Ƙungiyar Book Aid International ta Ingila, wadda ta samo asali a 1954, tana aikin aika littattafai Afirka, sai dai na Turanci ne mafi yawa, don daga kamfanonin can suke fitowa. Gidauniyar Gates ta kashe kuɗi mai yawa a kan sa kwamfuta da intanet a laburaren jama'a, ta rufe shirin a 2018. Ƙungiyar AfLIA, da aka kafa a 2013 mai ofis a Akara, tana shirya kwasa-kwasai ga ma'aikatan nahiyar. Shirin ceto tsofaffin takardu na Laburaren Birtaniya, wanda aka fara a 2004, yana biyan kuɗin ɗaukar hoton rubuce-rubucen hannu, amma wannan adanawa ce don masu bincike, ba ta sa littafi a hannun mai karatu na unguwa.

A nan ne laifi ya dawo kanmu, malaman Hausa na jami'a da na kwalejojin horon malamai. Mai gudummawa abin da aka roƙa yake bayarwa, masu rubuta takardun roƙon kuwa ba mu ne ba, ba mu kuma nemi a sa mu ba. Ƙa'idar rubuta sunayen marubutan Hausa a kati aiki ne na mai ilmin harshe, ba ya bukatar gini ko mota. Haka ma jerin littattafan Hausa da suka cancanci kowane laburaren ƙaramar hukuma ya mallaka, da kwas na mako biyu ko uku da zai koya wa ma'aikaci bambance ajamin Hausa da na Fulatanci da Larabci. A jami'o'i irin na Zariya da Kano sashen Hausa da sashen laburare suna cikin makaranta guda, kuma ɗalibin da zai riƙe laburaren gari mai jin Hausa zalla yana iya gama digirinsa ba tare da an tambaye shi ko ya iya karanta shafi ɗaya na ajami ba.